Rasuwar Inno, Motar da Aka Shafa wa Man Shanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani abu da ya fi baƙin cikin ɗaci, Malam Wada Na'Allah direba, mutumin Sabon Birnin Gobir, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da direbobin hanyar Ƙaura, da fataken Maraɗi, da duk wanda ya taɓa ɗora buhu a bayanta, rasuwar babbar motarsa wadda aka fi sani da Inno. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Laraba da la'asar, a ƙarshen bazarar bana ta 1954, a mashigin gulbin da ke gab da garin Isa, bayan jinyar kwana tara. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, ba kuma hanya ba. Motar da ta ga yaƙi da idonta ta fito lafiya, man shanu ne ya zama ajalinta, kuma mai rubuta wannan sanarwa sai da ya ajiye alƙalami ya tofar da yawu kafin ya iya rubuta hakan.

An haifi marigayiya a ƙasar Turawa. Ta zo ƙasar nan tare da soja, ta yi musu bauta har yaƙi ya ƙare, sannan aka yi gwanjonta a Gusau. A can Malam Wada ya gan ta, shi ma bai daɗe da dawowa daga yaƙin ƙasar Bama ba, inda ya yi tuƙin soja. Ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa cikinta, ya san ya sami abokiyar zama. Shekara takwas suka yi tare. Gyaɗa da auduga da fatu zuwa bakin jirgi a Ƙaura, gishiri da atamfa da kananzir a dawowa. Matan Fulanin Kurawa ne suka raɗa mata suna Inno, wato uwa, don ba ta taɓa wuce mutum a hanya ba. Ko ta cika maƙil, in ta hango mace da ƙwaryar nono a ka, sai ta rage gudu, a san yadda za a yi.

Mai haƙuri ce, mai ƙanƙan da kai, ba ta da yawan shan ruwa. Da safe in an juya mata hannun tayarwa takan yi kuf, kuf, kuf sau uku kamar tsohuwar da ke gyaran murya, sannan ta ce gurrr, duk kajin unguwa su watse. A cikin rairayi tana nishi, uuu, uuu, amma ba ta taɓa zaunawa ta ce sai an tura ba, sai dai sau biyu, kuma duka biyun laifin masu lodi ne. In aka taka mata birki takan ce tsiii, ta tsaya cak inda aka ce ta tsaya. Da wannan tsiii ɗin Malam Wada ya yi suna. Tun daga Sabon Birni har Ƙaura an san shekara goma sha huɗu yana riƙe da sitiyari, ko kaza bai taɓa takewa ba. Lasisinsa na tuƙi yana cikin 'yar jakar fata a ƙirjinsa, ba ya cire ta sai zai yi wanka. Bai gaji gona ba, bai iya awo a kasuwa ba. Takardar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa.

Ga wanda bai san cikin mota ba, ga yadda lamarin yake. Birkin irin su Inno da mai yake aiki. Direba ya taka, man birki ya bi ta siraran bututu ya je ya matse ƙafafu. Abin da ke tare man nan kada ya zurare wasu 'yan baƙaƙen robobi ne masu siffar ƙaramin ƙoƙo, kowace za ta ɓuya a tafin hannu. To robar nan tana da tsantseni. Mai ɗaya tak ta yarda da shi a duniya, shi ne man birkin kansa, wanda ake haɗawa da man zurma, shi ya sa in an buɗe gwangwaninsa ake jin warinta. Da shi ake wanke ta, da shi ake shafa ta kafin a sa. In kuwa ta taɓa kananzir, ko baƙin man inji, ko giris, sai ta sha, ta kumbura, ta yi laushi, ta ruɓe. Wani saje ne ya cusa wa Malam Wada wannan karatu a soja, ranar da ya kama shi zai taɓa roba da hannu mai giris, ya sa shi tsallen kwaɗo har ƙafafunsa suka daina jin maganarsa. Tun daga ranar, sai ya wanke hannu da sabulu sau biyu kafin ya kusanci robar birki. Ya fi kowa sanin abin nan a duk ƙasar Gobir, kuma wannan shi ne babban abin takaicin.

Ciwon ajalin ya samo asali ne daga wani abin farin ciki. Kadijatu, matar Malam Wada, ta haifi ɗa na huɗu, mahaifinta ya taso daga Isa domin suna. Baba Illo ke nan, tsohon baduku, mutumin kirki, wanda sanarwar nan take ambaton sunansa da dukkan girmamawa, bisa umarnin mai makoki. Shekara hamsin ya yi yana aikin fata. Gugansa yakan yi rani bakwai ba ya yoyo, sirdinsa ɗa yakan gada daga uba. A iliminsa, kuma ilimin gaskiya ne, duk abin da ya bushe ƙishirwa yake ji, maganinsa mai. Har ma ya taɓa yanka wa famfon rijiyar bariki 'yan ƙoƙunan fata, ya jiƙa su a man shanu, suka yi aiki shekara da shekaru, Bature ya aiko masa da yabo. Ba a taɓa zama da shi rabin yini bai ba da labarin famfon nan ba.

A daidai lokacin robobin Inno sun tsufa sun fara zubar da hawaye. Malam Wada ya yi wata biyu yana jiran sababbi daga Gusau, suka iso ana gobe suna. Ya ciro tsofaffin, duk sun yage, ya yar. Ya jera sababbin a faranti mai tsabta, ya rufe da farin ƙyalle, ya ɗora a kan katangar zaure, da niyyar in an watse ya sa su a natse. Gari ya waye, ga rago, ga wanzamai, ga baƙi, ga goro. Bai sake bi ta kan farantin ba sai bayan azahar, lokacin da aka ce masa surukinsa na kira.

Ya tarar da zauren cike da dattawa. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ya saba. Baba Illo na zaune a kan buzu, gabansa wata 'yar tasa da aka shanya a rana tun hantsi, a ciki ga robobin Inno suna iyo.

"Direba, matso ka gani," in ji tsohon. "Robobin ga naka sun bushe ƙamas, sai ka ce marayu. Na san irinsu, su nay yi ma famfon bariki. Na wanke su da kananzir, nas sa su cikin man shanu, naƙ ƙara ɗan baƙin mai na motakka don su saba da warin gida. Taɓa ka ji. Yanzu sunka zama abin aiki."

Malam Wada ya taɓa, ya ji. Daga baya ya ce sai da ya ji a ransa muryar sajen nan tun daga Bama tana kiran sunansa. Amma wanda ke gabansa mahaifin matarsa ne, kakan jaririn da aka raɗa wa suna da safe, ga dattawa goma sha suna gyaɗa kai suna yaba hikima. Mutum ba ya ɗaga ido ya kalli surukinsa, balle ya ce masa ka ɓata. Sai ya buɗe baki ya faɗi kalmomin da suka zama likkafanin marigayiya.

"Allah shi saka da alheri, Baba."

Tsohon ya ji daɗi, ya ce to a sa su yanzu yana gani, don baduku yana son ya ga aikinsa a mazauninsa. Aka kai masa buzunsa gindin mota. Malam Wada ya kwanta a ƙarƙashin Inno ya sa mata guba da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, jama'a na sa albarka. Ya ce bai taɓa jin ƙyamar yatsunsa irin ta ranar ba.

Washegari da sassafe ya faki ido ya ciro su, ya wanke da man birki sau uku, ya mayar. Ya san aikin banza yake yi, don abin da roba ta sha ba ta amayarwa. Ya aika Gusau a nemo wasu, aka ce sai nan da mako uku.

A kwana na uku, in aka taka birki sai ya yi nawar dawowa. A na biyar, ƙafar baya ta fara zafi, in aka tofa mata yawu sai ya yi cuu. Tsiii ɗin nan da aka san ta da shi ya ɓace, sai wani fus, fus, mai ban tausayi. Sannan wari ya taso, warin tsohon tandun mai da aka manta a bayan ɗaki, har ƙudaje suka koma kwana a ƙarƙashinta, karen maƙwabta ya riƙa zuwa yana lasar ƙafarta. Motar soja ce fa wannan. A kwana na bakwai Malam Wada ya kai ta inuwar wata bishiyar bedi ya ajiye, ya gaya wa masu kaya cewa inji ne ke tari, su yi haƙuri.

Kadijatu kaɗai ya gaya wa gaskiya. Ta saurare shi da jariri a ƙirji, sannan ta tuna masa cewa tun tana yarinya ba ta taɓa jin wanda ya ce wa mahaifinta aikinsa ya ɓaci ba, kuma yanzu da idonsa ya yi rauni har ya ajiye basilla, abin da ya rage masa ke nan. Ba ta roƙe shi komai ba. Da ta roƙa ma da ya fi sauƙi, don da ya sami wanda zai yi wa fushi.

A kwana na tara Baba Illo ya ce zai koma gida. Ƙafafunsa sun kumbura, ba zai iya zaman jaki ba, kuma me zai sa a nemi jaki alhali ga mota a gidan 'yarsa? Malam Wada ya aika maƙwabci ya kai uzurin tarin inji. Tsohon ya sa aka kira shi ƙofar gida, inda mutane ke zaune, ya ce shi da kunnensa ya ji an tayar da injin jiya, bai ji tari ba.

"Za ni gida yau, in Allah ya so," ya ce. "Sai hwa in robobin da nag gyara ne ba su yi ba. In su na, hwaɗa mani."

Duk wanda ke wurin ya juyo. Malam Wada yana durƙushe yana kallon ƙasa.

"A'a, Baba. Lahiya lau suke."

Ya tashi ya ɗauko hannun tayarwa. A nan mai rubutu yana da abin cewa game da kunyar da za ta sa mutum mai hankali ya hau motar da ya san ba ta da birki, amma an hana shi.

Suka kama hanya su biyu, ba kaya, ba fasinja, cikin ƙaramar giya, tafiyar da raƙumi zai iya wuce su. A Kurawa mata suka ɗaga hannu, Inno ta wuce su, karo na farko cikin shekara takwas, suka bi ta da kallo baki buɗe. Baba Illo na gaba ya harɗe, yana jan casbi, yana nuna wa direba cewa da can birkin nan ƙara yake yi, yanzu kuwa ko motsinsa ba a ji, aikin mai ke nan. Malam Wada ya ce haka ne. Gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu.

Sun kusa tsira. Ana hango rufin Isa sa'ad da suka iso inda hanya ke sulalawa zuwa gulbi. A ƙasa, bakin ɗan ruwan da rani ya rage, ga mata na wanki, ga garken shanu ana shayarwa. Malam Wada ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba ta tarar da komai ba. Ya sake takawa. Ya ja birkin hannu, ya yi hayaƙi ya saki. Inno ta fara gudu irin wanda ba ta taɓa yi ba, giya na kuka. A hannun dama akwai wani tsohon gawo. Ya miƙa hannu ɗaya ya danne surukinsa a jikin kujera, ya karya sitiyari da ɗayan, ya ba gawon ita.

Abin da ta faɗa na ƙarshe shi ne kuf, sau ɗaya. Ruwan cikinta ya tsiyaye a rairayi. Inji ya tsage, ƙashin bayanta ya lanƙwashe. Ba wanda ya mutu sai ita. Kafaɗar Malam Wada ta goce. Baba Illo hularsa ce ta faɗi, ya sauko ya kakkaɓe ta, ya yi hamdala, ya shaida wa waɗanda suka taru cewa robar Turawa ba abar amana ba ce, da fata aka sa da ba a yi haka ba.

Bayan kwana uku Baturen da ke duba motoci ya zo da tafintansa, aka yi binciken gawa a gindin gawon, rabin Isa na kallo. An shimfiɗa wa Baba Illo buzu a gaba, tunda shi ne shaida. Da aka buɗe, robobin suka ƙi fitowa sai da aka ƙwaƙulo su da waya. Kowace ta ninka girmanta, ta yi lagwaf kamar ƙosan da ya kwana a kunu, in an matsa sai ta fashe tana fitar da wani baƙin ruwa. Bature ya kai hanci, ya kau da kai, ya miƙa wa tafinta. Tafinta ya shinshina ya ce akwai kananzir, akwai baƙin mai, akwai kuma man shanu, mai kyau ma, irin na makiyayan garin Turba.

Bature ya yi dogon jawabi, tafinta ya juya shi da babbar murya. Ya ce roba ba fata ba ce. Abin da ke raya fata shi ke kashe roba. Wanda ya shafa man nan shi ya kashe motar, saura ƙiris ya haɗa da mata goma da shanun mutane, kuma ko wane ne, yau zai kwana a hannun alƙali. Sannan ya tambaya ko wane ne.

Malam Wada bai ɗaga kai ba, amma ta gefen ido ya ga casbin surukinsa ya tsaya. Ya ga tsohon ya dafa ƙasa, yana tattara riga zai miƙe. Mutum mai shekara saba'in da wani abu, a garinsu, a gaban waɗanda suka sha ruwa da gugansa.

"Ni nas sa," in ji Malam Wada. "Da hannuna nas sa su."

Kuma bai yi ƙarya ba. Bature ya karɓi takardarsa ta soja ya karanta, ya dube shi, ya sake karantawa, ya faɗi wata magana da tafinta ya ce ba sai an juya ba. Ya ce tunda direba ya ba da motarsa ya ceci mutane, ba za a kai shi gaban alƙali ba, amma mai zuba miya a birki ba zai sake tuƙi a lardin nan ba. Ya miƙa hannu. Malam Wada ya zaro jakar daga ƙirjinsa da hannun da ke motsi, ya ciro lasisin ya ba shi. Kafin mako ya zagayo, tun daga Shinkafi har Ƙaura direbobin da ya koya wa wanke hannu suna kiransa Wada Man Shanu.

Marigayiya ta rasu ta bar taya huɗu masu sauran rai da ɗaya na ajiya, da hannun tayarwa, da benci biyu, da rabin gwangwanin man birki wanda yake nan a zaure tun ranar suna, taku uku daga inda aka ajiye tasar, ba wanda ya tambaye shi. Ta bar sababbin robobi da suka iso daga Gusau jiya, busassu, masu kyau, ba su san sun zo ta'aziyya ba. Ta bar matan Kurawa da ƙorensu a ka. Ta bar Malam Wada da 'ya'ya huɗu da jakar fata wadda ba komai a ciki, har yanzu kuma tana rataye a wuyansa don ya rasa inda zai ajiye ta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, kafin ruwan farko ya kawo gulbi. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, an kuma karɓi fatawarsa. Bijimai shida daga Turba za su jawo gawar daga gindin gawo zuwa maƙerar Isa, inda za a raba ta, ta zama fartanya da lauje. Za a yi zaman makoki kwana uku a zauren Malam Wada da ke Sabon Birni. Masu kawo abincin sadaka su kawo shi gaya, ko da man gyaɗa. Ana roƙon duk wanda ya iya karatun boko, in takardar nan ta faɗa hannunsa, kada ya karanta wa kowa a Isa.

Mai makoki zai taso tun ranar Alhamis, don a ƙasa zai zo. Shekaranjiya wani mai jaki ya kawo masa ƙunshi daga Isa, ba saƙon baki, ba gaisuwa. Da ya kwance sai ga takalmi, jar fata, ɗinki biyu-biyu, daga hannun mutumin da ya yi shekara huɗu bai iya ganin ramin basilla ba. An shafe su da man shanu har sun yi laushi. Malam Wada ya juya su ciki da bai yana neman aibi, don ransa na son ya samu, bai samu ba. Ya sa, suka zauna masa cif, alhali ba wanda ya taɓa auna ƙafarsa. Shekara goma sha ɗaya tsohon ba ya kallon fuskarsa saboda kunya, ashe ƙafar yake kallo.

Da su zai bi gawar tun daga gulbi har maƙera. Wanda ya gan shi ya yi masa gaisuwa ya wuce. Don Allah kada kowa ya yaba takalmin.